Ɗaha Husaini, makahon da muke zagi ba mu karanta shi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da duk ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ina roƙon ka ɗan bani fili, kuma kayi haƙuri wasiƙar zata yi tsawo, abin ne ya daɗe yana cina a rai.

Ni malamin Larabci ne a wata sakandare. Satin da ya wuce muna zaune a majalisa bayan la'asar ana shan shayi sai hira ta biyo ta kan marubutan Masar, wani ƙaninmu da bai jima da gama digirinsa ba, a Larabcin ma kuwa, yana jin an ambaci Ɗaha Husaini sai yace a'uzubillahi, ai wannan ɗan koren Turawa ne, shine wanda ya ƙaryata Alƙur'ani. Nace masa to ƙanena wanne littafin nasa ka karanta? Yayi shiru, can yace ai malaminsu ne ya faɗa musu a lakca kuma yana cikin handawut. Shekara huɗu yaro yayi a jami'a, ya amsa tambaya akan mutumin nan a jarrabawa har ya ci, amma ko shafi ɗaya na rubutunsa bai taɓa buɗewa ba. Wallahi da na koma gida ranar na kasa barci da wuri, saboda nasan ba shi kaɗai bane, akwai irinsa da yawa, kuma su ne gobe zasu shiga aji su maimaita wa wasu yaran abin da suka ji.

Bari in fara da waye shi, don da yawa daga masu karatu sunan kawai suka sani, wasu ma ko sunan basu taɓa ji ba. An haife shi a watan Nuwamba na 1889 a wani ƙauye da ake cewa Izbatul Kilo kusa da garin Magaga a lardin Minya, can kudancin Masar. Babansa ƙaramin ma'aikaci ne a kamfanin sukari, 'ya'yansa goma sha uku, Ɗaha ne na bakwai. Yana ɗan ƙarami ciwon ido ya kama shi, aka barshi kwana da kwanaki ba wanda ya kula, daga baya aka kira wanzami yayi masa maganin da ya ƙarasa idon gaba ɗaya. Wannan labarin ai ba sai an yiwa Bahaushe dogon bayani ba, mu ma mun san yaran da ƙyanda ta taɓa wa ido aka yi ta ɗiga musu abin da aka ga dama har gani ya tafi.

Shi da kansa ya bada labarin yarintar tasa a littafinsa Al-Ayyam, kuma akwai wani wuri a ciki da duk sanda na karanta sai jikina yayi sanyi. Ana cin abinci a gida, yaro ne, sai tunani ya zo masa ko me zai faru in ya ɗauki loma da hannu biyu maimakon ɗaya, ya kuwa gwada. 'Yan uwansa suka fashe da dariya, mahaifiyarsa ta fashe da kuka, babansa kuma cikin sanyin murya yace masa ba haka ake ɗaukar loma ba ɗana. Daga ranar ya haramta wa kansa duk abincin da sai da cokali ake ci, ya koma cin abinci shi kaɗai a ɓoye don kada a sake yi masa dariya ko a ji tausayinsa, ya ɗauki shekaru a haka. Aka sa shi makarantar allo ya haddace Alƙur'ani tun bai kai shekara goma ba, gida aka fara ce masa shehi, sai malamin ya sake masa, ba tilawa ba komai, ranar da babansa ya zaunar da shi yace karanta min Shu'ara'i sai ya tsaya a Ɗa Sin Mim ya kasa gaba. Duk wanda yayi makarantar allo yasan kunyar wannan ranar. Bai ɓoye ba, ya rubuta, ya rubuta yadda ya koma ya sake haddar. Haka kuma ya rubuta mutuwar ƙanwarsa 'yar shekara huɗu da zazzaɓi ya kwantar ba wanda ya kira likita, da mutuwar yayansa da ya samu gurbin karatun likitanci amma kwalara ta ɗauke shi a 1902. Inaga duk wanda yake son ya gane dalilin da yasa mutumin nan ya tsani jahilci kamar ransa zai fita, to a waɗannan gawarwakin biyu da idonsa da aka kashe zai nemo shi.

A 1902 ɗin ne ya bi wani yayansa zuwa Azhar. Ranar da za'a gwada haddarsa don a ɗauke shi, mai jarrabawar bai kira sunansa ba, cewa yayi matso nan makaho, da ya gama karatun kuma yace tashi ka tafi makaho Allah yayi maka buɗi. Wannan kalmar ta zauna masa a zuciya har tsufansa. Yayi zaman Azhar cikin talauci, burodi da baƙar zumar rake da wake, in 'yan ɗaki sun fita yawo shi yana zaune shi kaɗai a lungu don ba mai jansa. Karatun ma bai gamsar da shi ba, matani da sharhi da hashiya, a shekara akan i'irabin layi biyu, in kayi tambaya ace maka mara kunya. Mutum ɗaya ne ya buɗe masa ƙofa a can, Shehu Sayyid al-Marsafi mai koyar da adabi, wanda yake karanta musu Hamasa ta Abu Tammam da Al-Kamil na Mubarrad yana nuna musu daɗin magana da muninta. A ƙarshe dai Azhar ta kayar da shi a jarrabawar Alimiyya, don dama ya riga ya ɓata da manyan shehunan, yana sukarsu a jarida. Ni a ganina kaifin harshensa a kansu daga baya yana da nasaba da wannan, mutum ne da aka ƙuntata wa kuma bai iya haɗiye abu ba.

Da aka buɗe Jami'ar Masar a 1908 yana cikin waɗanda suka fara shiga, nan ya zauna gaban malamai irin su Nallino ɗan Italiya ya ji wani salon nazarin adabi da bai saba ba, wato a duba waƙa tare da zamaninta da mutanenta da siyasar lokacin. A 1914 ya kare digirin dakta, kuma shine digirin dakta na farko da jami'ar ta taɓa bayarwa, akan wa? Akan Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin Sham da ya kulle kansa a gida har ake ce masa fursunan kurkuku biyu, makanta da ɗaki. Kaga makaho ya zauna ya nazarci makaho, ya fahimce shi fiye da masu ido, sai dai shi bai yarda ya kulle kansa ba. A shekarar aka tura shi Faransa ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, ya fara da Monfeliye daga baya ya koma Sobon a Faris, ya koyi Faransanci da Latin da Girkanci, duka da kunne, ya rubuta wani kundin daktan akan Ibnu Khaldun ƙarƙashin Durkaim masanin zamantakewa, wanda ya mutu kafin ranar karewa. A can ya haɗu da Suzan, wata Bafaranshiya da take karanta masa littattafai, suka yi aure a 1917. Na sha jin ana goranta masa wannan auren, alhali addini bai hana auren ma'abociyar littafi ba, kuma matar nan shekara 56 tayi tana riƙe da hannunsa har ya koma ga Allah.

To yanzu maganar da ƙanin namu ya ɗauko. A 1926 yana koyarwa a jami'a ya fitar da Fish Shi'iril Jahili. Abin da yace a taƙaice shine mafi yawan waƙoƙin da ake jingina wa mawaƙan jahiliyya irin su Imru'ul Ƙais ba a jahiliyya aka yi su ba, bayan zuwan Musulunci aka ƙirƙira aka liƙa musu, saboda gasar ƙabilu kowa na son ace kakanninsa ne gwanaye, da siyasa, da masu bada labari a masallatai, da maruwaita irin su Hammad ar-Rawiya da Khalaf al-Ahmar da tun a da can ake zarginsu da ƙari. Hujjarsa mafi ƙarfi ta harshe ce. Yace rubuce-rubucen da aka tono a Yaman sun nuna harshen Himyar daban yake da Larabcin arewa, kuma su kansu ƙabilun arewa kowacce da karin harshenta, to yaya akayi waƙoƙin duk suka zo da harshe iri ɗaya sumul? Don mai karatu ya gane, ace an kawo maka tsoffin waƙoƙi uku ance ɗaya ta Basakkwace ce ɗaya ta Bagobiri ɗaya ta Bakano, ka duba baka ga shina ba baka ga hwari ba baka ga mi ba, duk Kananci ne tsantsa, ai dole ka tsaya kace anya? Wannan tambayar ita yayi, yace kuma zai bi hanyar Dikart masanin falsafar Faransa, ya ajiye duk abin da ya gada ya fara da shakka har sai hujja ta tsayar da shi.

Da a nan ya tsaya da rigimar bata kai haka ba, don shi ba shine farkon wanda ya faɗa ba, Ibnu Sallam al-Jumahi tun ƙarni na uku na hijira ya rubuta a Ɗabaƙatu cewa akwai waƙoƙin ƙarya da yawa da aka cusa. Inda ya zame shine da ya ɗauki wannan ma'aunin ya kai kan Annabi Ibrahim da Annabi Isma'il, amincin Allah ya tabbata a garesu, yace ambatonsu a Attaura da Alƙur'ani bai isa hujjar tarihi akan samuwarsu ba. Edita ina so a ji ni da kyau, wannan magana ɓata ce, ban yarda da ita ba, ba kuma zan nemo mata kwaskwarima ba, duk Musulmi yasan abin da Alƙur'ani ya tabbatar ya tabbata. Amma dubi yadda malaman Masar suka yi da shi. Mustafa Sadiƙ ar-Rafi'i ya rubuta Tahta Rayatil Ƙur'an, Muhammad al-Khidr Husain wanda daga baya ya zama Shehun Azhar ya bi littafin sakin layi bayan sakin layi yana warwarewa, Farid Wajdi ya rubuta nasa, Luɗfi Jum'a ya rubuta nasa. An kai ƙara, majalisar dokoki ta ɗauki zafi, mai gabatar da ƙara Muhammad Nur ya zauna ya karanta littafin yayi masa tambayoyi, a Maris na 1927 ya fitar da rahoto yace marubucin yayi kuskure a wurare amma ba'a samu niyyar cin zarafin addini ba, ya rufe fayil. Aka janye littafin daga kasuwa, a 1927 ɗin ya sake fitowa da sunan Fil Adabil Jahili an cire waccan maganar. Duk waɗannan da suka yi masa raddi sai da suka karanta shi tukuna, shine abin da nake so ƙannenmu su lura da shi.

Kuma shakkar tasa tayi amfani ko da ta wuce gona da iri. Mahmud Shakir, wanda ɗalibinsa ne a lokacin, ya zarge shi da cewa ra'ayin na Margoliyos ne Baturen Ingila da ya buga maƙala akai a 1925, har ya bar jami'ar saboda wannan rigima, ya shafe shekaru yana bin waƙoƙin jahiliyya ɗaya bayan ɗaya. Nasiruddin al-Asad ɗan Jodan ya rubuta Masadirush Shi'iril Jahili a shekarun 1950 ya nuna yadda aka riƙa ruwaito waƙoƙin da rubuta su, ya tabbatar da cewa da yawansu ingantattu ne. Yau kusan ba wani masani da yake kan ra'ayin Ɗaha gaba ɗayansa, amma kuma ba wanda zai sake ɗaukar kowane baiti ya haɗiye don kawai an ce na wane ne. Mu da muka gaji ilimin hadisi, inda ake bin mai ruwaya a tona ko yana da mantuwa ko yana ƙarya, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Kuma mu ma muna buƙatarsa a namu adabin. Waƙar Tabbat Haƙiƙa mutane da yawa cewa suke Shehu ne ya yi ta da Hausa, alhali da Fulatanci yayi, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu yayi mata tahamisi, masu bincike ne suka zauna suka rarrabe mana wannan. Yanzu kuwa kullum sai kaga an liƙa wa Shehu ko Sa'adu Zungur ko Malam Aminu wata magana a Facebook ana ta yaɗawa ba mai cewa a ina ya faɗa.

Akwai littafinsa na 1938 akan makomar al'adu a Masar, inda yace Masar ta bi tafarkin Turai da daɗinsa da ɗacinsa, shi ma ban bishi akai ba, Sayyid Ƙuɗub ya mayar masa da martani tun a lokacin. Sai dai wanda zai kawo wannan to ya kawo Ala Hamishis Sira da ya fara fitowa a 1933, da Al-Wa'adul Haƙƙ akan su Ammar da Bilal da Suhaib da azabar da suka sha a Makka, da Ash-Shaikhan akan Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar, da Mir'atul Islam, ya kuma faɗi cewa mutumin yaje yayi umara a 1955. Abin da ke zuciyarsa Allah ne masani, mu dai abin da ya rubuta farko da ƙarshe shi muke da shi, kuma adalci shine a ɗora duka akan sikeli.

Abin da yafi damuna dai, wanda shine ainihin dalilin wannan wasiƙa, a handawut ɗin nan ba'a faɗa wa yara me mutumin nan yayi da hannunsa. Yana shugaban tsangayar adabi a 1932 gwamnatin Isma'il Sidƙi ta nemi a baiwa wasu 'yan siyasa digirin girmamawa, ya ƙi sa hannu, aka cire shi daga jami'a aka barshi ba albashi da mata da 'ya'ya biyu, shugaban jami'ar Ahmad Luɗfi as-Sayyid ya ajiye aikinsa ranar 9 ga Maris don nuna fushi. Mu da muke gani ana raba dakta kamar goro ga duk wanda ya tara kuɗi sai mu auna. Ya tsaya wa shigar mata jami'a, ɗalibarsa Suhair al-Ƙalamawi ta shiga a 1929 ta zo tayi dakta akan Dare Dubu da Ɗaya ta zama farfesa. Yana cikin waɗanda suka kafa jami'ar Iskandariyya a 1942 kuma shi ya fara jagorantarta. Sannan a Janairun 1950 aka bashi ministan ilimi a gwamnatin Mustafa an-Nahhas, makaho, ɗan ƙauye, wanda aka cewa matso nan makaho, ya riƙe har Janairun 1952, kuma a nan ne ya soke kuɗin makaranta a sakandare da makarantun koyon sana'a, bayan na firamare da aka riga aka soke yana mai bada shawara a ma'aikatar. Maganarsa da har yau Misirawa ke maimaitawa ita ce ilimi kamar ruwa ne da iska. An soke shi akai sosai, ance azuzuwa zasu cika inganci zai faɗi, kuma ba ƙarya bane an samu cunkoso, amma shi yana ganin ba za'a cewa ɗan manomi ya jira a waje har sai an gama gyara wa ɗan basarake kujera ba. 'Ya'yan manoma nawa ne suka zama likitoci da injiniyoyi ta wannan ƙofar, wasunsu ma har nan ƙasar suka zo suka koyar da iyayenmu suka duba marasa lafiyarmu.

Akwai kuma wani abu game da rubutunsa da sai wanda ya karanta da ƙarfi zai ji. Shi bai taɓa riƙe alƙalami ya rubuta littafi ba, shifta yake yi wani na rubutawa, abin da ya sani kuma duk karanta masa akayi, yayansa da abokansa da Suzan da sakatarensa. Shi yasa Larabcinsa na kunne ne, zaka ji yana maimaita kalma, yana juya jimla ya dawo da ita ta wata fuskar, tana tafiya kamar ana rera ta, ga sauƙi, ɗan sakandare mai ƙoƙari zai iya bin Al-Ayyam da ƙamus a gefe. Kuma a littafin baya cewa ni, sai dai yace yaron, ko abokinmu, kamar yana tsaye a gefe yana kallon kansa, wanda inaga ita ce dabarar da ta bashi damar faɗin abubuwan kunya da ciwo ba tare da ya roƙi tausayin kowa ba. Duk sanda nake karanta shi sai Alhaji Aliyu Namangi na Zariya ya faɗo min a rai, shi ma makaho, shi ma da ka ya tsara Imfiraji wasu suka rubuta, kuma ita ma kunne ne yake fara kama ta kafin ido. Abin da yake sani baƙin ciki shine mu inda muka fi jin baitocin Namangi a bakin makafi ne a tasha da ƙofar masallaci suna bara da su. Ƙwaƙwalwar da ta riƙe waɗannan baitoci masu yawa ba kuskure, me zai hana ta riƙe lissafi ko shari'a ko tarihi in an bata dama?

A layinmu akwai wani yaro makaho da bai wuce shekara tara ba, kullum da safe ina fita aiki ina ganinsa ƙanwarsa na jansa da sanda zuwa bakin titi, kaga yara biyu kenan ba makaranta, shi da 'yar jagorarsa. Na taɓa tsayawa na ja shi da hira, yaron nan ya karanta min daga Amma har Sabbi ba gargada, a bakin ƙofar wata islamiyya yake tsintar karatun in ana yi, ba wanda ya taɓa cewa ya shigo. Nayi wa mahaifinsa maganar makaranta yace malam to in ya tafi me zamu ci. Ban iya ce masa komai ba don gaskiya ya faɗa. Makarantun makafi akwai su, ta Gindiri tun 1953 take, akwai ta Tudun Maliki a Kano, amma guda nawa ne a duk arewa in ka kwatanta da yawan yaran, kuma iyaye nawa ne a ƙauye suka ma san da su? Mu ne muke karanta Abasa a sallah, mun san akan wa ta sauka, mun san Abdullahi ɗan Ummu Maktum yayi ladanci kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gareshi, ya sha barin Madina a hannunsa in zai fita. Ɗaha Husaini da babansa ya yanke masa cewa iyakarsa ya riƙa karatun Alƙur'ani a maƙabarta da gidajen makoki ana bashi sadaka, kamar yadda akasarin makafin ƙauyensu suke yi, da shikenan, ba wanda zai san an yi shi. An dai samu wanda ya kai shi Alƙahira, aka samu masu karanta masa.

Ya rasu ranar 28 ga Oktoba 1973 yana da shekara 83, yana shugaban majalisar harshen Larabci ta Alƙahira, a shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta bashi lambar yabo ta kare haƙƙin ɗan Adam. Gidansa da ya sa wa suna Ramatan a Giza yanzu gidan tarihi ne. Larabawa har yau Amidul Adabil Arabi suke ce masa, wato jagoran adabin Larabci, har waɗanda basa ga maciji da ra'ayinsa.

Roƙona ga malamanmu na sassan Larabci a jami'o'i da kwalejojin ilimi, dan girman Allah ku daina baiwa yara hukunci a shafi biyu, ku basu littafin su karanta, ku haɗa musu da raddin Rafi'i da na Khidr Husain su karanta su ma, yaron da ya ga hujja da amsarta imaninsa yafi ƙarfi akan wanda aka ce masa kawai kar ka taɓa. Kuma littattafan nan yanzu suna intanet kyauta, a waya ma za'a karanta, ba maganar tsadar fotokwafi.

Kai kuma Edita ga tawa shawarar. Al-Ayyam ɗin nan a mujallar Al-Hilal aka fara buga shi kashi-kashi daga 1926 kafin ya zama littafi a 1929, me zai hana jaridarku ta riƙa kawo shi da Hausa duk sati, in da hali ma a samu mai murya ya karanta a ɗauka a tura wa gidajen rediyo don waɗanda abin yafi shafa da kunne zasu same shi. Ni dai na fara karanta wa 'yan ajina duk ranar Alhamis in an kusa tashi, kuma na fara juya babin farko zuwa Hausa, inda yake bada labarin wani darnin kara da ke ƙofar gidansu wanda ya fi shi tsawo ya kasa tsallakewa, kuma yayi masa matsi ya kasa kutsawa, sai dai ya jingina da shi da magariba yana sauraron wani mawaƙi daga nesa har yayarsa tazo ta ɗauke shi a shiga da shi ciki yana kuka. Saura shafi biyu in gama, in kuna da buƙata ku sanar dani ta wannan shafin zan aiko muku ku duba.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin Larabci, daga Kano